IDAN ALƘALAMI YA CIJE A TSAKIYAR LABARI



Abin da aka nemi in yi magana a kansa shi ne wata cuta wadda ba ta kwantar da mutum a asibiti, amma ta kashe littattafai masu yawa tun ba su zo duniya ba. Watau halin nan da marubuci kan shiga bayan ya ɗauko ƙagaggen labari da zafinsa, ya rubuta babi biyar ko goma ba tare da wata wahala ba, sa'an nan wata rana ya zauna ya tarar alƙalami ya cije, ya ƙi gaba ya ƙi baya, kamar jakin da aka labta wa kaya fiye da kima. Ya dawo gobe, haka. Ya dawo jibi, haka. Kafin ya farga wata shida sun shuɗe, littafin yana ƙarƙashin katifa ko yana cikin kwamfuta, mai shi ko buɗe shi ba ya son yi. Na tabbata a cikin zauren nan akwai masu irin wannan ajiya, wasu a ɗakin kwanan ɗalibai, wasu a aljihun tebur na ofis. Hasarar ba tasu ba ce su kaɗai. Duk littafin da ya mutu a babi na goma, adabin Hausa ne ya yi rashi, domin ba a karanta niyya, ba a kuma koyar da rabin littafi a makaranta.

Turawa suna da suna na musamman da suke kiran wannan hali da shi, wanda wani likitan tunani mai suna Edmund Bergler ya raɗa masa a Amurka a 1947. Mu kuwa sai mu ce basira ta toshe, ko alƙalami ya cije. Na fi son na biyun, saboda abin da ya cije yana da dalilin cijewarsa, in an gano dalilin sai ya saki.

Me Ya Sa Sai A Tsakiya?

Farkon labari ba ya wuya, gama marubuci ya daɗe yana juya shi a zuci kafin ya ɗora alƙalami a takarda. Ƙarshe ma sau da yawa mutum ya hango shi tun daga nesa: wane zai auri wance, azzalumi zai gamu da sakayya. Tsakiya ita ce dajin da ba a share ba. A farko marubuci alkawari yake ta ɗauka wa mai karatu: ga wata yarinya da aka yi wa baiko da wanda ba ta so, ga wasiƙar da ta ɓace, ga ɗan'uwan da ya tafi ci-rani bai dawo ba. A tsakiya ne ake fara biyan bashin waɗannan alkawura, kuma kowane shafi da aka rubuta yana rage wa marubuci 'yancin da yake da shi a shafi na gaba. Wanda ka ce matsoraci ne a babi na biyu ba zai tashi haka kawai ya tari ɗan fashi a babi na tara ba, sai ka nuna abin da ya sauya shi.

Saboda haka abu na farko da nake so mu riƙe shi ne, cijewar alƙalami alama ce, kamar yadda zazzaɓi yake alama. Likitan kirki ba ya ba da magani sai ya bincika ko sauro ne ya kawo zazzaɓin, ko ruwan sha, ko wani miki da ke ɓoye. Zan kawo muku dalilai huɗu, kowanne da misalin wani marubuci da ya taɓa faɗawa cikinsa.

Dalili Na Farko: Labari Ya Saki Hanya

Misalin da ya fi kowanne fitowa fili shi ne na Mark Twain, marubucin Amurka, da littafinsa Huckleberry Finn. Ya fara shi a 1876, ya rubuta shafi wajen 400 da hannu a cikin 'yan makonni, sa'an nan ya tsaya cik. Har ya rubuta wa wani abokinsa cewa littafin bai gamsar da shi sosai ba, mai yiwuwa ya jefa shi a akwati ko ya ƙone shi.

Mene ne ya tsayar da shi? Labarin wani yaro ne da wani bawa mai suna Jim wanda ya gudu daga hannun masu shi. Suna tafe bisa kogin Misisipi a kan wasu gumagumai da aka ɗaure wuri guda, ruwa yana jan su zuwa kudu. Shirinsu shi ne in sun kai garin Kairo na jihar Ilinoi, inda kogin Ohayo ya haɗu da Misisipi, su bi Ohayo su haura zuwa jihohin da aka hana bauta. To, ga inda gizo yake saƙar. Twain ya yi aikin tuƙin jirgin ruwa a Misisipi daga 1857 zuwa 1861, ya san garuruwan bakinsa da mutanensu kamar yunwar cikinsa, kuma labarin waɗannan mutane yake so ya bayar. Ohayo kuwa bai san shi haka ba. Sai ya sa hazo ya rufe kogin, matafiyan nan suka wuce Kairo cikin dare ba su sani ba. Amma dabarar nan ta haifar da babbar tambaya: bawan da ya gudu neman 'yanci, me zai sa ya ci gaba da nutsawa kudu, cikin tsakiyar ƙasar bauta? Hankali bai ɗauka ba. Twain ya sa wani jirgi ya bi ta kan gumaguman ya tarwatsa su, ya ɗan ƙara tafiya kaɗan, daga nan ya ajiye alƙalami.

Sai wajen 1880 ya sami mafita. Ya shigo da wasu 'yan damfara guda biyu masu da'awar sarauta, suka ɗare kan gumaguman suka ƙwace ragamar tafiyar, yaron da Jim suka zama ba su da ta cewa. Da haka tafiya kudu ta sami hujja. A 1882 ya koma ya sake bin kogin da ƙafarsa da idonsa, a 1883 ya kammala littafin, aka buga shi a Ingila a ƙarshen 1884, a Amurka kuma a farkon 1885. Shekara bakwai ke nan tsakanin farawa da gamawa.

Darasin da ke ciki shi ne, inda alƙalami ya tsaya ba lalle ne nan ɓarakar take ba. Sau da yawa tana baya, a wani babi da aka wuce. Magini in ya ga bango yana karkata a sama, ƙasa yake dubawa. Don haka in ka cije a babi na goma sha biyu, ɗauki takarda ka rubuta kowane babi da ka riga ka yi a layi ɗaya tak: wa ya so me, wa ya hana shi, me ya sauya a ƙarshen babin. Za ka iske wani babi inda tauraron labarinka ya aikata abin da kai marubuci kake so, alhali shi a halinsa ba zai aikata ba. Daga nan labarin ya fara gurguncewa, ya yi ta ɗingishi har ya zo ya faɗi inda ka same shi.

Dalili Na Biyu: An Ba Da Labari A Bakin Da Bai Dace Ba

Dostoyebski, marubucin Rasha, ya fara littafinsa mai magana a kan laifi da hukunci a 1865, yana ba da labarin a bakin mai laifin kansa, watau da "na yi, na ce". Ya yi nisa ƙwarai, sa'an nan a ƙarshen watan Nuwamba na shekarar ya ƙone abin da ya rubuta, ya sake farawa da bakin mai kallo daga gefe, watau da "ya yi, ya ce". Da wannan sabon zubi ne littafin ya fito kashi kashi a wata mujalla a 1866. Abin lura shi ne, mutumin da ya yi kisa, zazzaɓi da ruɗu suka rufe shi, ba zai iya gaya mana abin da ke faruwa a ɗakin da ba ya ciki ba, ba zai kuma iya ganin kansa yadda sauran mutane suke ganinsa ba.

Haka kuma Gabriel Garsiya Markes na ƙasar Kolambiya ya ɗauki labarin gidansu da garinsu a zuci tun yana saurayi, ya gwada rubuta shi ya kasa. Ya sha faɗa cewa abin da ya buɗe masa ƙofa shi ne tuna yadda kakarsa take ba da labarin abubuwan al'ajabi fuskarta a ɗaure, kamar mai faɗin farashin gishiri. Da ya kama wannan murya a 1965, sai ya zauna wajen wata goma sha takwas yana rubutu, littafin ya fito a 1967, shi ne kuma ya share masa hanyar samun lambar Nobel a 1982.

Wannan ya shafe mu ƙwarai. Da yawa daga cikinmu da Turanci muka yi karatun adabi, da Turanci muke rubuta takardun ofis, sai ya zamana mutum yana tunani da wani harshe yana rubutu da wani. Jimla takan fito daidai ta fuskar nahawu amma ba ta da rai, marubucin kansa ya karanta ya ji ba daɗi, bai san dalili ba, sai gwiwarsa ta yi sanyi. Maganin wannan shi ne ka tambayi kanka: wane ne yake ba da labarin nan, kuma wa yake gaya wa? Ka ɗauki babin da ya gagare ka, ka sake rubuta shafi biyu daga cikinsa a bakin wani dabam, ko kishiyar, ko direban gidan, ko tsohuwar da ke sayar da ƙosai a ƙofar gida. Ka kuma karanta da ƙarfi. Duk jimlar da ba za ka iya faɗa wa gwaggonka ba tare da ta ce "me ka ce?" ba, a sake ta.

Dalili Na Uku: Rijiya Ta Ƙafe

Wani lokaci zubin labari lafiya lau yake, murya ma ta zauna, amma marubuci ya kai wurin da iliminsa ya ƙare. Ka kai tauraronka kotu, alhali ba ka taɓa zama ka ga yadda ake shari'a ba. Ka kai shi kasuwar shanu, ba ka san yadda dillali yake shiga tsakani ba, ba ka san yadda ake biyan la'ada ba. Ka sa yarinya ta shiga makarantar koyon jinya, ba ka san abin da ake yi a aikin dare ba. A nan ko shekara ka yi kana kallon takarda ba abin da zai fito, domin guga ba ya ɗebo abin da babu a rijiya. Twain kansa ya kwatanta basirarsa da tankin ruwa, wanda in ya ƙare sai a ƙyale shi ya sake taruwa. Amma ku lura da abin da ya yi a shekarun jiran: ya rubuta wasu littattafai uku, ya kuma koma kogin da labarin yake a kansa.

Saboda haka in wannan ne ciwonka, rufe littafin ka sa takalmi. Je ka zauna a bencin baya na kotu kwana uku. Je ka tashar mota ka saurari yadda 'yan kamasho suke magana. Ka nemi tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ka sha shayi da shi. Ka riƙe ɗan littafi a aljihu kana rubuta kalmomin sana'a yadda masu ita suke faɗinsu. Sau da yawa kalma guda da ka tsinta a bakin mahauci ko maɗinki takan buɗe maka babi sukutum.

Dalili Na Huɗu: Alƙali Ya Zauna Tun Ba A Gama Shigar Da Ƙara Ba

A 1980 wani malamin jami'a a Kalifoniya mai suna Mike Rose ya wallafa binciken da ya yi a kan ɗalibai goma, biyar masu fama da cijewar alƙalami, biyar kuma marasa fama da ita. Ya tarar bambancinsu ba na hazaƙa ba ne. Masu cijewar sun ɗaure kansu da dokoki masu tsauri, irin su lalle sai jimlar farko ta kama zuciyar mai karatu kafin a wuce ta, ko lalle sai an bi tsarin da aka shata tun farko ko da ya ƙi tafiya. Sauran kuwa sun ɗauki dokokin a matsayin shawara, in ba su yi musu amfani ba su ajiye su.

Wannan ita ce cutar ɗan jami'a musamman. Ka karanci jigo da salo da zubi da tsari, ka iya feɗe littafin wani har wutsiya, sai ka zo naka ka ɗora wa kowace jimla wuƙar nan tun tana jaririya. Rubutu da gyara aiki biyu ne, kuma ba a yin su a zama ɗaya. Manomi ba ya shuka da hannun dama yana tonewa da hagu don ya ga ko ta tsira. Ka yarda rubutun farko ya fito da muninsa. Inda ka rasa sunan gari ko wata kalma, bar fili ka yi alama ka wuce. Inda wani fage ya gagara, rubuta a layi ɗaya cewa a nan za su yi faɗa ta bar gidan, ka tsallaka zuwa fagen da kake ɗokin rubutawa. Ba wanda ya ce dole a rubuta littafi bisa jerin da za a karanta shi.

Abin Da Magabatanmu Suka Yi Da Tsakiyar Labari

Ba sai mun tafi Turai kaɗai ba. A 1933 Hukumar Fassara da ke Zariya, ƙarƙashin Dokta Rupert East, ta shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausa, wadda ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo. A wannan zamani ne kuma Jiki Magayi na John Tafida da East ya fito. Ku tuna Imam yana da shekara 22 a lokacin, yana koyarwa a Midil ta Katsina, Tafawa Ɓalewa kuma malamin makaranta ne a Bauchi. Watau sa'o'inku ne, ma'aikata masu albashi da maigida a wurin aiki. In muka dubi littattafan nan da idon mai koyon sana'a, za mu ga kowanne yana da abin da yake tura tsakiyarsa gaba.

A Ruwan Bagaja, neman ruwan shi ne dalilin tafiyar Alhaji Imam, amma abin da yake riƙe da mai karatu a hanya shi ne Malam Zurƙe ɗan Muhamman. Duk inda labari ya so ya lafa sai su sake gamuwa, wannan ya shirya wa wancan tsiya, wancan ya rama a gari na gaba. Darasi: in tsakiyar labarinka ta yi sanyi, duba ko abokin adawar tauraronka ya daɗe bai fito ba, ko kuwa ka yi shi rarrauna har ba ya tsorata kowa.

A Shaihu Umar, marubucin yakan bar Umar inda yake, ya koma ya bi mahaifiyarsa wadda ta fita nemansa har ita ma ta faɗa hannun masu cinikin bayi. Igiya biyu ke nan, in ɗaya ta yi sako-sako sai a ja ɗayar. Darasi: in tauraronka ya kai wurin da ba abin da zai same shi na ɗan lokaci, tambayi kanka wane ne yake nemansa, ko wane ne yake shan wahala saboda rashinsa.

A Jiki Magayi, Malam Shehu ya yi amfani da dukiyarsa ya aure Zainabu wadda Abubakar yake so, Abubakar ya tafi neman hanyar ramuwa, ramuwar kuma ta sauka a kan ɗan da aka haifa, Kyauta. Abin da aka shuka a farko shi ne yake ta 'ya'ya har ƙarshe. Darasi: kafin ka ƙirƙiro sabuwar masifa don ka cika shafi, koma ka duba tsofaffin da ka shuka, ka tambaya me suka haifa.

A littafi na farko na Magana Jari Ce kuwa, aku yana ba da labari ne don ya tsare Musa ɗan Sarki kada ya fita ya faɗa tarkon Waziri. Saboda haka kowane labari yana da aikin da yake yi, in aku ya yi shiru rai zai salwanta. Darasi: kowane babi naka ya zama akwai abin da za a rasa in aka cire shi. In ba abin da za a rasa, watakila shi ya sa hannunka ya ƙi rubuta shi.

Ga Ma'aikaci Mai Cewa Ba Shi Da Lokaci

Akwai masu cewa ba basira ce ta toshe ba, aiki ne ya yi yawa. Gaskiya ne aikin ofis da karatun jarrabawa da hidimar iyali suna cin ƙarfin mutum. Chinua Achebe ya fitar da ƙagaggen labarinsa na huɗu a 1966, na biyar bai fito ba sai 1987, shekara 21 ke nan, kuma yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 yana cikin abin da ya ratsa tsakani. Amma a shekarun nan bai saki alƙalami ba, ya rubuta waƙoƙi da gajerun labarai da maƙalu. In babban aiki ya gagara, a riƙa yin ƙarami don kada hannu ya sandare.

Anthony Trollope na Ingila ma'aikacin gidan waya ne fiye da shekara talatin, daga 1834 zuwa 1867. Yakan zauna a teburinsa da ƙarfe biyar da rabi na asuba, ya ajiye agogo a gabansa, ya ɗora wa kansa kalma 250 a kowane minti goma sha biyar, kafin ya tafi aiki. Ya bar ƙagaggun labarai 47. Ba na ce ku yi gasa da shi ba. Amma ku yi lissafi: wanda ya rubuta kalma 300 kullum, watau kimanin shafi guda, a cikin kwana 200 yana da kalma 60,000, littafi cikakke ke nan. Ngugi wa Thiong'o na Kenya kuwa, a kurkukun Kamiti ya rubuta ƙagaggen labarinsa na farko cikin harshensu na Gikuyu a 1978, a kan takardar bayan gida. Bayan wannan, da wuya waninmu ya kafa hujja da rashin teburi mai kyau.

Ga wasu 'yan dabaru da za su taimaka. Ka keɓe lokaci guda wanda ba ya sauyawa, ko da rabin sa'a ne, ka ajiye wayarka a wani ɗaki. Ka tashi daga rubutu tun kana sane da abin da zai biyo baya, kamar yadda Ernest Hemingway ya riƙa yi, domin gobe ka tarar da bakin zare a hannu. Ka kuma sami mai karatu guda ɗaya wanda yake jiran babi na gaba. Tolkien, malamin jami'ar Okusfod, ya fara babban littafinsa a ƙarshen 1937, ya cije a tsakiya kusan shekara guda, ya ci gaba, ya sake cijewa. A 1944 ya riƙa aika wa ɗansa, wanda yake horon sojan sama a Afirka ta Kudu, babi babi ta gidan waya, yana kuma karanta wa abokansa da baki. Littafin ya fito a 1954 da 1955. Amma mutum ɗaya ko biyu na ce. Wanda ya baza ɗanyen labari ga jama'a, kowa ya tofa albarkacin bakinsa, zai koma gida da shawara ashirin masu karo da juna. Haka kuma ina jan kunnen masu fitar da littafi na ɗaya kasuwa tun ba su san yadda na uku zai ƙare ba. Abin da aka buga ya bushe, ba ya gyaruwa, in kuwa ɓarakar tana cikinsa marubuci ya toshe wa kansa hanyar komawa baya.

Hutu Da Saki

To, yaya mutum zai bambance ajiye littafi don ya huta da sakinsa gaba ɗaya? Ralph Ellison, baƙar fatar Amurka, ya fitar da littafinsa na farko a 1952, duniya ta yaba. Ya shiga na biyu, gobara ta cinye wani sashe nasa a 1967, ya ci gaba da rubutu da gyara har ya rasu a 1994, ya bar shafi fiye da 2,000 ba tare da ya kammala ba. Wasu ne suka tattara abin da ya bari suka buga bayan ransa. Ellison bai rasa basira ba, bai kuma rasa ƙwazo ba. Wannan yana nuna mana cewa yawan rubutu ma yana iya zama wata irin cijewa, in mutum ya kasa cewa ya isa haka.

Shawarata ita ce, in za ka ajiye littafi, ka yanka masa wa'adi, wata ɗaya ko uku, ka rubuta ranar komawa a bangonsa. Ka kuma rubuta tambayar da ta gagare ka a jimla ɗaya, alal misali, me zai hana Hadiza komawa gidan iyayenta? Mai tambaya a aljihu yana tafe yana tsintar amsa a kasuwa da ofis da cikin mota. Wanda ya ajiye littafi ba wa'adi ba tambaya, wannan ya sake shi ne, ko da bai furta ba.

Akwai kuma wani abu da bai kamata a yi wasa da shi ba. In rashin iya rubutun ya zo tare da rashin barci, da ƙin abinci, da ficewar sha'awar kome da kome har tsawon makonni, to maganar ta wuce ta adabi. A nemi likita, a kuma gaya wa na kusa. Lafiya uwar jiki, littafi zai jira.

'Yan'uwa, sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba. Abin da nake roƙon kowane mai ajiyayyen littafi a cikinku shi ne, a daren yau ya ɗauko shi ya kaɗe masa ƙura, kada ya gyara ko wasali guda, ya karanta daga farko har inda ya tsaya, yana rubuta layi ɗaya a kan kowane babi. Gobe ya dubi jerin nan ya tambayi kansa wanne ne daga cikin dalilai huɗun nan ya kama shi. Jibi ya zauna ya rubuta shafi guda, ko da mummuna ne.

Malam Shugaba, a nan zan dakata domin a sami lokacin tambayoyi.